Wasiƙar Kande a Mashigin Kaduna

Nomau, ƙanena, ni ce Kande,
wadda ta goya ka ranar da Inna ta tafi cin kasuwar Kauru,
ka jiƙa mini sabon zane, kana dariya.
Damina tara ke nan ina jefa tsakuwa a ƙoƙo.

Shekarar fari saƙonka ya zo a bakin madugu Barau:
wai kana lafiya, wai jaki ɗaya ya mutu a hanya.
Ka aiko goro bakwai a ganye, biyu sun yi tsutsa.
Na ci ɗaya, na raba huɗu.
Shekara ta biyu, allura da ɗan madubi.
Ta uku, shiru.

Ta huɗu wani Banufe mai tallar tsakiya
ya sauka gindin tsamiyarmu, ya sha ruwa, ya goge baki,
ya ce an tare wani ayari bayan Raba,
an kora su kudu, igiya a wuya,
har Ikko, inda ƙasa ta ƙare.
Ya ce akwai jirgi can da ya fi unguwa girma,
wanda ya shiga, ko shamuwa ba ta kawo labarinsa.
Na ce, ina ake kai su?
Ya juya harshe, ya ce wani abu kamar Amirka.
Ya ce shi ma ji ya yi.

Jiya na kai wa Malam Tunau curin zare uku.
Ya ce takarda ta yi tsada, sai dai allo.
Na ce allon ma ya isa.
Na zauna bayan zana, ina faɗa, yana tsoma alƙalami:

Inna ta rasu da kaka, bayan an sare dawa.
Ba ta sha wuya ba.
Ta ce a ajiye maka ƙwaryarta mai ɗinki a baki.
Rijiyar da ka haƙa ta rufta gefe guda, Dogara ya gyara,
ya kuma shiga gonarka ta fadama;
ban yi masa magana ba tukuna, amma ina sane.
Larai ta jira shekara biyar kafin alƙali ya raba,
tana Kajuru gidan wani maƙeri. Kar ka ga laifinta.
'Yarka Kyauta ta iya kaɗi, siririn zare kamar na gizo.
Ta ɗauko wushiryarka, ta ɗauko ɗan karkacen tafiyarka,
in ta juyo daga rafi da tulu
sai in kau da kai, in ce hayaƙi ne.

Malam ya busa tawada ta bushe, ya ce, "To, wa zai kai?"
Barau ya tsufa, gwiwa ta ƙi.
Fatake kuwa iyakarsu bakin gishiri.

Na kwana ina juyi, sai na tuna zancen Jatau mai fito,
cewa ruwan Kaduna ba ya kwana a nan,
gangarawa yake ya faɗa Kwara,
Kwara kuma ta kai shi babban ruwa.

Da asuba na zubar da tsakuwoyin nan tara,
na wanke allon tas a cikin ƙoƙon,
sunanka da na Inna da gonar fadama suka zama baƙin ruwa ɗaya.
Na sauka mashigi. Wani kada na kwance kan yashi,
ya buɗe ido guda, bai motsa ba.
Na shiga har gwiwa, na tsiyaya.
Baƙin ya yi ɗan jim gefen ƙafata, sannan ya bi sauran ruwa.

Ban san da wane suna ake kiran ka yanzu ba,
ban san ko harshenka ya manta da miyar kuka ba.
Amma in hadari ya taso muku daga gabas,
ka ajiye fartanyarsu, ka ɗaga kai, ka buɗe baki.
In ka ji ɗan ɗacin ƙaro da gawayi, ni ce.

Kuma ka nemi hanya ka faɗa mini:
ƙwaryar nan, in ba Kyauta,
ko in ci gaba da ajiya?